Yadda ake gina samfurin lissafi na shaf mai tsaga yana juyawa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar shaf ɗin da ya karye, na injin niƙa ne a Sabon Gari ko na famfon ruwa, in ya duba bakin karayar zai ga fuska biyu. Gefe ɗaya sumul yake, ya ɗan yi duhu, ga wasu siraran layuka masu lanƙwasa suna bin juna. Ɗaya gefen kuma kaushi gare shi, yana ƙyalli. Sumul ɗin nan shi ne inda tsaga ta yi ta cin ƙarfe a hankali injin yana kan aiki, mai kaushin kuwa shi ne ragowar da ya ɓalle lokaci guda. Wannan ita ce gajiyar ƙarfe, wadda Bajamushen injiniya August Wöhler ya yi ta gwaji a kanta da gatarin jirgin ƙasa, wato sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafunsa, tun shekarun 1850 zuwa 1860.

Tsakanin ranar da tsaga ta fara da ranar da shaf ya karye akwai lokaci, kuma a cikin lokacin nan jijjigar injin tana canzawa. Amfanin samfurin lissafi shi ne ya nuna maka wane canji za ka nema, kuma a wane gudu. Na rubuta wannan ne domin ƙannenmu masu karatun injiniyan kanikanci a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da na kwalejin Nuhu Bamalli, da masu koyon gyaran jirgin sama a nan Zariya. Zan bi misali ɗaya tak daga farko har ƙarshe, domin ka riƙa gwada lambobinka da nawa.

Mataki na farko: fara da shaf mai lafiya

Kada ka taɓa maganar tsaga sai ka tabbatar samfurinka ya san shaf mai lafiya. Ɗauki mafi sauƙi, wanda ake kira samfurin Jeffcott saboda bayanin da Henry Jeffcott ya wallafa a 1919: shaf siriri a kwance, boris ɗaya a kowane ƙarshe, faifai mai nauyi a tsakiya.

Namu ƙarfe ne mai kaurin milimita 20, wato R = 10 mm, tsawonsa tsakanin boris biyu, wato L, mita 0.6, faifan kilo 5. Ɗauki E = 210 GPa (ma'aunin taurin ƙarfen kansa), ν = 0.3 (ma'aunin yadda yake sirancewa in an ja shi), nauyin ƙarfe kilo 7,850 a kowace mita kubik.

I, wato ma'aunin yadda siffar shaf ke ƙin lanƙwasa, shi ne πd⁴/64, inda d kaurin shaf ne, zai ba ka 7.85 × 10⁻⁹ m⁴. Taurin lanƙwasa a tsakiya, wato ƙarfin da ake buƙata a tura tsakiyar shaf, shi ne k₀ = 48EI/L³, kusan 366,500 N/m. Shaf ɗin kansa yana da nauyin kilo 1.48, sai ka ƙara kusan rabinsa a kan faifai, m ya zama kilo 5.7. Daga nan ωn = √(k₀/m) = 253.6 rad/s, wato kaɗawa 40.4 a daƙiƙa, ko juyi 2,420 a minti. Wannan shi ne gudun haɗari, inda jijjiga ke kai ƙololuwa.

Rubuta lambobi uku a gefen takarda: 2,420, da rabinsa 1,210, da sulusinsa 807. Ƙara na huɗu, lotsawar da nauyi ke sa tsakiyar shaf ta yi yana tsaye cik: δ = mg/k₀, kusan milimita 0.15. Ƙanƙanuwa ce, ido ba ya ganinta, amma duk aikin nan a kanta yake tsaye.

Abin da ke dusar da jijjiga kuma, ɗauki ζ = 0.01, sai c = 2ζmωn ya ba ka kusan 29 Ns/m.

Mataki na biyu: nawa tsaga ta rage tauri

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yawan zamewa. Kuskuren da na fi gani shi ne a lissafa I na wurin da ya tsage, a zuba shi cikin 48EI/L³ kamar duk tsawon shaf ne ya sirance. Ba haka ba ne. Tsaga a wuri ɗaya take, sauran shaf ɗin lafiyarsa ƙalau. Wanda ya yi haka zai sami raguwar tauri mai yawan gaske, sakamakonsa ya yi kyau a ido, amma ba shi da alaƙa da injin gaske.

Hanyar da ta dace ita ce wadda Dimarogonas da Papadopoulos suka shimfiɗa a 1983: a ɗauki tsaga a matsayin ƙarin laushi a wuri guda, a samo shi daga ilimin karayar ƙarfe. Ga yadda za ka yi.

Ka ce zurfin tsaga a ne, bakinta miƙaƙƙe. Rabin faɗinta shi ne b = √(R² − (R − a)²). Yanzu ka yanyanka da'irar shaf tsaye-tsaye zuwa siraran yankuna. Yankin da ke nisan w daga tsakiya yana da tsayi h = 2s, inda s = √(R² − w²), zurfin tsaga a cikinsa kuma α₀ = a − R + s. Kowane yanki ka ɗauke shi kamar falle mai kusurwa huɗu da aka tsaga daga gefe, domin wannan an riga an san lissafinsa.

In ƙarfin lanƙwasa a wurin M ne, jan da ke kan fatar yankin shi ne σ = M·s/I. Tsananin ja a bakin tsaga kuma K = σ√(πα)·F, inda α ke tafiya daga sifili zuwa α₀. Ana samun F haka: sa x = α/h, λ = πx/2, sai

F = √(tan λ / λ) × [0.923 + 0.199(1 − sin λ)⁴] / cos λ.

Ƙarin makamashin da tsaga ta jawo shi ne U, wato tarin K²(1 − ν²)/E a kan dukkan fuskar tsagar, daga α = 0 zuwa α₀, daga w = −b zuwa +b. Laushin tsaga kuma cθ = ∂²U/∂M². Tun da U yana tafiya da M², ba ka buƙatar wani dogon aiki: sa M = 1, tara U da kwamfuta, ninka shi biyu. A Python dblquad na SciPy zai yi maka, a MATLAB kuma integral2. Lura da α = 0, domin tan λ / λ yana zama sifili bisa sifili a nan; fara daga wata 'yar lamba kamar 10⁻⁹.

Saura a mayar da shi tauri. Tsagar tamu a tsakiya take, inda M = PL/4, P kuma ƙarfin da ke tura tsakiyar shaf ne, don haka jimillar laushi ita ce L³/48EI + (L²/16)cθ, sabon tauri kuma kishiyarta, wato ɗaya bisa wannan jimilla. Kira shi kξ.

Gwada da tsaga mai zurfin milimita 4, kashi ɗaya cikin biyar na kaurin shaf. Ya kamata cθ ya fito kusan 3.1 × 10⁻⁶ rad/Nm, tauri kuma ya ragu da kusan kashi 2.5 cikin 100. Tsaya ka dubi wannan lambar da kyau. Tsagar da ta ci milimita 4 cikin 20 babbar barazana ce, amma ko da a buɗe take koyaushe, gudun haɗari zai sauka ne da juyi 30 kacal daga 2,420. Boris da ya ɗan saki ko noti da bai ɗauru ba zai iya kawo fiye da haka. Shi ya sa ba na goyon bayan furojet ɗin da ya tattara hankalinsa duka kan saukar gudun haɗari. Alama ce mai rauni, kuma sai tsaga ta yi nisa take fitowa fili.

Akwai tauri na biyu, kη, na lanƙwasa ta gefen da ke bin bakin tsaga. Hanyar ɗaya ce, sai dai σ = M·w/I, kuma cikin F za ka sa [0.752 + 2.02x + 0.37(1 − sin λ)³] a madadin na farko. A wannan zurfin raguwarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na ta kξ ba. Ka sani kuma, hanyar yanka-yankan nan tana aiki ne muddin tsaga ba ta wuce tsakiyar shaf ba. In a ya fi R, yankunan gefe sun yanke gaba ɗaya, lissafin ya watse.

Mataki na uku: numfashin tsaga

Ɗauki rake ka ɗan tsaga shi da wuƙa a tsakiya, ka riƙe bakinsa biyu ka lanƙwasa. In tsagar tana bayan lanƙwasar sai ta wangame, in ka juya ta ciki sai ta haɗe bakinta, raken ya yi ƙarfi kamar ba a taɓa shi ba. Haka shaf a kwance yake. Nauyi ya sa ƙasansa cikin ja, samansa cikin matsi. Duk juyi ɗaya tsaga tana sauka ƙasa ta buɗe, ta hau sama ta rufe. Wannan ake kira numfashi, kuma shi ne ya raba tsaga da sauran cututtukan inji.

Ana wakiltarsa da f(θ), lamba tsakanin 0 da 1, inda θ = Ωt ita ce kusurwar tsaga daga ƙasa, Ω gudun juyawar shaf, t kuma lokaci. Hanyoyi biyu suka fi shahara. Ta Gasch, ta 1976, ta ce ko dai a buɗe take ko a rufe: f = 1 in cos θ ya fi sifili, in ba haka ba f = 0. Ta fi dacewa da tsagar da ba ta wuce rabin R ba. Ta Mayes da Davies kuwa a hankali take buɗewa: f = (1 + cos θ)/2, kuma ta fi kama da halin tsaga mai zurfi. Ni ina ba da shawarar a fara da ta biyu, domin ba ta da tsalle, kwamfuta ba ta wahala da ita, kuma ana iya bin ta da biro a ga abin da ke faruwa. In aiki ya tsaya da ƙafarsa sai a sa ta Gasch a kwatanta.

Mataki na huɗu: haɗa jimlolin motsi

Tauri biyun nan, kξ da kη, suna juyawa tare da shaf, mu kuwa a tsaye muke auna jijjiga. Sai a juyo da su. Sa y ya zama ƙasa, z ya zama gefe, Δξ = k₀ − kξ, Δη = k₀ − kη:

kyy = k₀ − f(Δξ cos²θ + Δη sin²θ)
kzz = k₀ − f(Δξ sin²θ + Δη cos²θ)
kyz = −f(Δξ − Δη) sin θ cos θ

Jimlolin motsi kuma:

m·ÿ + c·ẏ + kyy·y + kyz·z = mg + meΩ² cos(θ + β)
m·z̈ + c·ż + kyz·y + kzz·z = meΩ² sin(θ + β)

A nan e shi ne rinjayen nauyi, wato nisan cibiyar nauyin faifai daga tsakiyar shaf, β kuma kusurwar da ke tsakaninsa da tsaga. Ɗauki e = mikron 10.

Kada ka manta da mg. A darasin jijjiga an saba jefar da shi, a ce ana auna motsi daga inda nauyi ya riga ya zauna. A nan ba zai yiwu ba, domin tauri yana canzawa. Buɗe f·cos²θ da biro ka gani: zai ba ka ¼(1 + 1.5 cos θ + cos 2θ + 0.5 cos 3θ). In aka ninka wannan da Δξ da lotsawar nan δ, an sami ƙarfi mai kaɗa shaf sau ɗaya, da sau biyu, da sau uku a kowane juyi. Su ne ake rubutawa 1X, 2X, 3X. In ka cire mg, biyun ƙarshe kusan sun tafi, ka zauna kana neman abin da ka goge da hannunka.

Mayar da jimlolin biyu zuwa huɗu masu mataki ɗaya, y, ẏ, z, ż, ka ba ode45 a MATLAB ko Octave, ko solve_ivp a Python. Matse ƙa'idar kuskure sosai, kamar 10⁻⁸ da 10⁻¹¹, domin abin da kake nema mikron ne, saitin da ya zo da manhajar zai haɗiye shi. Fara daga y = δ, sauran sifili.

Kafin komai, sa Δξ da Δη sifili ka gudu. Dole ka ga ƙololuwa ɗaya a 2,420, tsayinta e/2ζ, wato milimita 0.5. In ba ka ga haka ba, akwai kuskure a rubutunka, kada ka wuce.

Mataki na biyar: gudu da karanta sakamako

A kowane gudu, bar jijjigar farko ta mutu tukuna. Lokacin dusashewarta 1/(ζωn) ne, kusan daƙiƙa 0.4, don haka jefar da daƙiƙa 3 na farko. Daga abin da ya rage ɗauki cikakkun juyi, misali 64, kowane juyi da ɗigo 128 daidai. In ka yi haka, FFT, wato lissafin da ke rarraba jijjiga bisa saurin kaɗawarta, zai ajiye 1X da 2X da 3X kowanne a gurbinsa ba tare da sun malala cikin juna ba. Cire matsakaicin y kafin FFT.

Bi gudu daga 500 zuwa 3,000. Ga wani abu da ke ɓatar da mutane: faɗin ƙololuwar da ke rabin gudun haɗari kusan juyi 24 ne kawai, ta sulusi kuma 16. Wanda ke tsallen juyi 50 zai tsallake su bai sani ba, ya rubuta cewa tsaga ba ta da alama. Kusa da 807 da 1,210 rage tsallen zuwa juyi 2 ko 3. Aikin zai ɗauki lokaci, don haka sa kwamfuta ta riƙa ajiye sakamakon kowane gudu a fayil, kada ɗaukewar wuta ta mayar da kai farko.

Abin da za ka gani shi ne wannan. A yawancin gudu 2X bai fi mikron ɗaya ko biyu ba. Da shaf ya iso 1,210, sau biyun juyinsa ya yi daidai da kaɗawarsa ta asali, sai 2X ya ninka kusan sau 50, ya kai mikron 40 zuwa 50, alhali rinjayen nauyi a wannan gudun mikron 3 kawai yake bayarwa. A 807 kuma 3X ne zai ɗaga kai. Kwatanta wannan da juyi 30 ɗin da gudun haɗari ya sauka, za ka ga inda ya kamata a sa ido. Shi ya sa masu kula da manyan injinan wuta suke naɗar jijjiga lokacin tayar da inji da lokacin da yake sauka, domin a nan ne yake ratsa waɗannan wurare.

Zana z a kan y, wato hanyar da tsakiyar shaf ke bi. Ɗan ƙasa da 1,210 za ka ga da'ira da madauki a cikinta, in ka haura ɗan sama madaukin ya koma ɗaya gefen. Sannan canza β zuwa 0, da 90, da 180. A nan za ka ga 1X yana iya ƙaruwa, yana kuma iya raguwa, gwargwadon inda tsaga take da rinjayen nauyi. Wannan darasi ne mai muhimmanci ga mai aiki a masana'anta: jijjiga ta ragu ba tare da an taɓa inji ba, ba lallai albishir ba ne. Ƙarshe maimaita komai da zurfin milimita 2, 4, 6 da 8, ka zana tsayin 2X a kan zurfi.

Mataki na shida: san iyakar samfurinka

Da muka rubuta f a matsayin abin da ya dogara da θ kaɗai, mun ɗauka cewa nauyi ne ke mulki, wato jijjiga ba ta kai lotsawar δ ba. A 1,210 haka ne, mikron 50 bai kai 150 ba. A 2,420 kuwa jijjiga ta kai mikron 500, ta ninka δ sau uku, don haka rinjayen nauyi ne ke buɗe tsaga ko ya danne ta, ba nauyi ba. Abin da samfurin ya faɗa a wannan yankin kada ka dogara da shi. In kana son gyara, sa buɗewar ta dogara da inda shaf ya lanƙwasa a wannan lokacin: lissafa ξ = y cos θ + z sin θ, in ya fi sifili tsaga a buɗe take. Darpe da Gupta da Chawla sun wuce nan a 2004, suna duba alamar K a kowane wuri a bakin tsaga domin gano iyakar ɓangaren da ya buɗe. Shaf a tsaye, irin na famfon rijiyar burtsatse ko injin wuta na madatsar ruwa, nauyi ba ya lanƙwasa shi ta gefe, don haka wannan gyaran wajibi ne a kansa.

In injinka yana da faifai fiye da ɗaya ko kaurin shaf yana canzawa, sai ka koma hanyar yanka shi gunduwa-gunduwa, wato FEM, wadda Nelson da McVaugh suka tsara wa shaf mai juyawa a 1976. Gunduwar da ke da tsaga ce kaɗai taurinta zai riƙa canzawa, kuma hanyar Newmark ta warware jimlolin motsi ta fi ode45 sauri a nan. Akwai manhajar ROSS ta Python, kyauta ce. Ko ka yi amfani da ita, fara gwada ta da misalinmu na Jeffcott ka ga ko lambobi sun haɗu.

A rahotonka kuma ka faɗi gaskiya cewa 2X ba na tsaga kaɗai ba ne. Rashin saiti tsakanin shaf da motar lantarkin da ke juya shi yana kawo shi, haka shaf mai dogon gurbin ki, wato ramin da ake sassaƙa a jikinsa domin kulle faifai, domin taurinsa ba ɗaya ba ne ta kowane gefe. Abin da ke nuna tsaga shi ne a ga 2X da 3X suna girma mako bayan mako, kusurwar 1X tana gocewa, alhali ba a taɓa saiti ba. Malamin waje zai tambaye ka yadda ake bambanta su ranar kare aiki.

Mataki na bakwai: gwaji a bita

In za ka haɗa na gwaji, masu sassaƙa ƙarfe a Sabon Gari za su fitar maka da shaf da faifai. Motar lantarki mai juyi kusan 2,900 a wutar 50 Hz, da na'urar sarrafa gudu, sun isa ka ratsa 807 da 1,210. Ba ka buƙatar kai shaf mai tsaga 2,420, kuma ban ba ka shawarar ka kai shi ba. Haɗa motar da shaf ta kofulin mai laushi domin rage 2X na rashin saiti, kuma ka fara naɗar jijjigar shaf mai lafiya a kan wannan teburin kafin ka sa mai tsaga. Mafi kyawun ma'auni shi ne na'urori biyu masu auna kusancin ƙarfe, ɗaya a sama ɗaya a gefe, da alama ɗaya a jikin shaf mai nuna farkon kowane juyi. In kuɗi bai kai ba, ƙaramin ma'aunin jijjiga irin ADXL345 a kan gidan boris zai nuna maka inda ƙololuwa take, ko da bai ba ka mikron daidai ba.

Yankan zarto ba tsaga ba ne. Yana da faɗi, bakinsa ba ya haɗuwa, don haka ba ya numfashi. In da zarto ka yanka, sa f = 1 a samfurinka, ka sa ran 2X mai ƙarfi ba tare da 3X na kirki ba, ka kuma rubuta haka a rahoto. Tsaga ta gaske sai an fara da ɗan yanka, sannan a sa shaf a injin gwajin gajiya a yi ta lanƙwasa shi har ta tsiro, a duba tsawonta da jan ruwan gano tsaga.

Tsaga tana ci gaba da girma yayin gwaji, kuma bisa dokar Paris da Erdogan ta 1963 saurin girmanta a ƙarfe yana tafiya da kusan ΔK³, inda ΔK shi ne tazarar hawa da saukar K a kowane juyi, wato in ΔK ya ninka biyu, saurin ya ninka kusan takwas. Don haka rufe teburin da murfin ƙarfe mai kauri, kada kowa ya tsaya daidai da faifai, sa makunnin kashewa kusa da hannunka, kuma ka sake auna tsagar bayan kowane zagaye na gwaji kafin ka kwatanta da lissafi.